Maƙeran Anini da Kwabo

Sa'ad da Turawan Ingila suka gama cin ƙasar Hausa, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar kasuwa da wuri take ci. Da wuri ake sayen daddawa da barkono, da shi ake biyan wanzami. Su kuwa so suke a biya haraji da kuɗinsu. Sai dai mafi ƙanƙanta cikin kuɗin azurfa da suka zo da su shi ne taro, kuma taro ya fi ƙarfin cefanen talaka na yini. Matar da za ta sayi gishirin wuri goma, me za ta yi da taro? Dole aka nemi kuɗin da zai sauko ƙasa ya tarar da wuri inda yake. A 1907 aka fito da kwabo, tare da ƙanensa anini, wanda goma daga cikinsa suke yin kwabo ɗaya. Anini 120 ne sule guda, 2,400 kuma fam guda. A Ingila kanta a lokacin ba a kashe abin da ya gaza rubu'in kwabo.

Waɗanda aka ɗora wa aikin suna can Landan, a gidan buga kuɗi na sarautar Ingila da ke Tower Hill. Maƙera ne, ko da yake ba sa zama gaban zugazugai. Sana'arsu ta kasu hannu-hannu. Mai zane ne yake farawa a takarda. Idan zanen mai sarƙaƙiya ne, kamar kan sarki, sai a gina shi babba da farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi a asibiti, faɗinsa kamar faifai, domin a ga kowace tsaga da kowane tudu. Daga nan a ɗauki kwafinsa a kan ƙarfe, a ɗora a wata na'ura mai hannu biyu: hannu ɗaya yana bin saman babban zanen a hankali, ɗayan yana sassaƙa ƙaraminsa a kan dunƙulen ƙarfe daidai girman kuɗin. Na'urar takan yi kwanaki tana juyawa kafin ta gama fuska ɗaya. Duk da haka sai gwanin sassaƙa ya karɓa, ya sa gilashin ƙara girma a ido, ya bi da 'yan ƙananan kayan aikinsa yana gyara abin da na'ura ta daƙushe. A wancan zamani haruffa da lambobin shekara sau da yawa da hannu ake buga su, ɗaya bayan ɗaya.

Idan an gamsu, sai a gasa ƙarfen a tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, a danna shi cikin wani ƙarfen mai taushi ya bar gurbinsa. Ta haka ake haifar da hatiman da za su bugi kuɗin, kuma a jikinsu komai a juye yake: tudu ya zama rami, dama ta zama hagu. Kuɗi ɗaya hatimi biyu yake bukata, na sama da na ƙasa. A wani ɓangaren kuma ana narka ƙarfe, a murje shi ya yi falle, a huda shi ƙwaya-ƙwaya, a tausasa a wuta, a wanke, a ɗaga bakin kowace ƙwaya kaɗan. Wannan ɗan tudun baki shi ne yake kare zane daga gogewa, shi ne kuma yake sa a iya jera kuɗi bisa juna. Bugu ɗaya tak ƙwayar take sha tsakanin hatiman nan biyu, ta fito kuɗi. Hatimi kuwa yana gajiya. Yakan tsage, sai ka ga wani siririn layi a fuskar kwabo wanda mai zane bai san da shi ba.

Aninin farko da sanholo aka yi shi, wato alminiyam, kuma yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe don kashewa a kasuwa. A takarda dabarar ta yi kyau: ƙarfen ba shi da nauyi, ga sauƙin dako daga bakin teku zuwa Zungeru da Kano a lokacin da jirgin ƙasa bai iso ba. A hannun mutane kuwa abin bai yi ƙarko ba. Damina da gumi da binnewa a ƙasa suka cinye shi, ya dusashe, ya yi fari-fari. Tun cikin 1908 aka watsar da sanholo aka koma ga gamin jan ƙarfe da nikel, irin wanda aka yi kwabo da shi tun farko. A 1911 aka ƙaro ɗari, rabin kwabo.

Abin da kowa ya fi tunawa shi ne hudar tsakiya. An yi ta ne domin a zura igiya a ɗaura, tunda mafi yawan masu kashe kuɗin ba su da aljihu irin na Bature. Tana kuma rage ƙarfen da ake ci, tana hana a rikita kwabo da kuɗin azurfa a duhu. Amma ta jefa mai zane cikin tsaka mai wuya. Al'adar Ingila ita ce kan sarki ya zauna a tsakiyar kuɗi, ba kuwa mai yarda a huda kan sarki. Don haka aka cire hoton ɗungurungum. Aka ɗora kambi bisa hudar, aka zagaye baki da sunan Sarki Edward na Bakwai da haruffan boko, aka rubuta darajar kuɗin da Turanci, sannan a ƙarƙashin hudar aka sake rubuta ta da Larabci. Wanda ya ba da wannan shawara ya san inda kuɗin za su: a Arewa ta 1907 masu karatun allo sun ninka masu karatun boko ba iyaka. A ganina ƙarancin fili ya yi wa waɗannan kuɗaɗe rana. Sun fi sule da fataka tsabtar zane, don ba a samu wurin cusa musu tarkace ba.

A bayan kuɗin akwai tauraro mai kusurwa shida, alwatika biyu da suka sarƙe da juna, hudar ta faɗa daidai cikinsa kamar don ita aka zana shi. Malamai masu rubuta hatimi sun san wannan siffa tun kafin zuwan Turawa, ita ce ake kira hatimin Annabi Sulaimanu. Gwamna Lugard ya faɗa daga baya cewa ya ga alamar ne a murfin wani kofin tagulla da sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kwantagora, garin Ibrahim Nagwamatse, a 1901. Ita ce kuma aka sa a tutar Najeriya ta mulkin mallaka daga 1914. Wato hannun wani maƙerin farfaru da ba a rubuta sunansa ba yana cikin zanen da aka buga miliyoyi a Ingila.

Daga nan duk abin da ya faru a fadar Landan sai ya bayyana a bakin kwabo. Da farko an rubuta sunan Najeriya tare da na Afirka ta Yamma ta Ingila. A 1912, shekarar da aka kafa hukumar kuɗi ta bai ɗaya ga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka cire sunan Najeriya. Mafi ban sha'awa shi ne na 1936. Edward na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairu, ya yi murabus a Disamba saboda matar da yake son aura. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba. Amma kwabo da ɗari da anini ba sa jiran mai zanen hoto, sauya suna kawai ake yi, saboda haka suka fito da sunansa suka shiga kasuwa. Haka aka yi a Afirka ta Gabas da Fiji da Niugini, inda su ma masu huda suke kashewa. Har akwai wasu kwabban 1945 da suka fito da sunan wannan sarki, shekara tara bayan saukarsa, saboda wani ma'aikaci ya ɗauko tsohon hatimi ya haɗa da sabo. Masu tara tsofaffin kuɗi suna nemansu ido rufe. Bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947 kuma, sai aka kankare laƙabin sarkin sarakunan Indiya daga jikin hatiman.

Gidan Landan shi kaɗai bai iya ɗaukar aikin ba, yakan ba kamfanoni kwangila. Wanda yake da tsohon kwabo ya duba shi da kyau: ƙaramin harafin H na nufin kamfanin Heaton na Birmingham ne ya buga, KN kuma na King's Norton ne. A 1952 aka bar farin gami aka koma tagulla, kwabo ya yi ja.

Anini bai ga 'yancin kai ba. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a Yuli 1959 ya fito da kuɗin Tarayyar Najeriya, babu shi a ciki, don ba abin da yake saye. Kwabo da ɗari suka ci gaba da hudarsu da tauraronsu da Larabcinsu. Manyan kuɗin ne suka sake kama, aka sa musu amfanin gona: auduga a taro, koko a sisi, kwakwar manja a sule, gyaɗa a fataka. A 1963 gwamnati ta haɗa hannu da kamfanin De La Rue aka kafa gidan buga kuɗi a Legas.

Ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, naira ta maye gurbin fam. Sule goma suka zama naira ɗaya, naira kuma kwabo ɗari. A nan aka rufe hudar, tauraro ya tafi, Larabci ya tafi daga kuɗin ƙarfe. Fuska ɗaya ta ɗauki tambarin ƙasa, mikiya da dawakai biyu, ɗayar kuma dukiyar ƙasa, a zanen wani Bature gwanin wannan sana'a, Geoffrey Colley. Rabin kwabo ya samu auduga, kwabo biyar koko, kwabo goma itatuwan kwakwa, kwabo 25 gyaɗa da dalarta. Kwabo ɗaya kuwa aka dasa masa hasumiyoyin haƙo mai guda biyu. Zanen ya fito tsaf, siraran ƙarafan hasumiya ba ƙaramin aiki ba ne a kan hatimi. Sai dai dalar gyaɗar da aka ɗora wa kwabo 25 ta zo a makare: farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 sun kwashe dalolin Kano alhali kuɗin suna sababbi a hannu. A 1978 aka tsawaita taken da ke jikin tambarin ƙasa, aka ƙara zaman lafiya da ci gaba a kan haɗin kai da imani, sai ga masu sassaƙa suna matse kalmomi a ɗan ƙyallen da ke ƙarƙashin kofatan dawakai.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin mai zane. Kuɗin ƙarfe yana rayuwa ne muddin darajar da aka rubuta masa ta fi ta ƙarfen jikinsa. Ranar da tagullar kwabo ta fi kwabo tsada, tukunyar mai narka ƙarfe ce makomarsa. Maganin da gidajen buga kuɗi na duniya suka samo shi ne a yi cikin da baƙin ƙarfe mai araha a shafe bayansa da jan ƙarfe ko nikel. Haka aka yi a 1991: kwabo ya ƙanƙance, ya zama mai kama maganaɗisu, aka kuma mai da kwabo 50 da naira ɗaya kuɗin ƙarfe, ta naira ɗauke da hoton Herbert Macaulay. Ranar 28 ga Fabrairu 2007 aka janye duk abin da ke ƙasa da kwabo 50, aka fito da sababbin kwandaloli, har da ta naira biyu mai launi biyu da ginin Majalisar Tarayya. Ƙira ce mai kyau, zobe da ƙwaya daban-daban da bugu ɗaya yake ɗaure su. Masu shago da direbobin haya suka ƙi karɓa.

A 2012 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya kawo shirin mai da naira 5 da 10 da 20 kwandala tare da fito da takardar naira 5,000. Jama'a suka yi ca, Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shirin. Ni ina ganin ɓangaren kwandalar yana da hujja, domin ƙarfe yakan yi shekaru ashirin ko talatin yana yawo, takardar ƙaramin kuɗi kuwa ba ta daɗewa a hannun mai nama da mai manja. An haɗa shi ne da takardar 5,000, ita kuma ta ja shi suka nutse tare.

Tsallake iyaka kaɗan, a Maraɗi da Damagaram, Bahaushe har yau yana ƙirga canjinsa da dala, yana biyan ƙosai da ƙarfen dala biyar da dala goma da dala ashirin. Sefa, kuɗin da ake kashewa a can, a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, farashi bai gudu ya bar ƙananan kuɗi a baya ba kamar yadda ya yi a Najeriya, don haka masu sassaƙa hatimin sefa suna da sauran aiki a gabansu.