Minti Goma a Bakin Kududdufi

Da sanyin safiya muka same ta a bakin wani kududdufi kusa da Bukuru, hunturu yana busawa, ta kafa kyamara bisa ƙarfe mai ƙafa uku. Ba ta amsa gaisuwarmu nan da nan ba, sai ta ɗaga mana hannu, leɓunanta suna motsi. Ashe ƙirga take yi. Sai da ta kai goma tukuna ta juyo ta durƙusa ta gaishe mu.

Ɗaliba ce mai koyon aikin jarida a wata makaranta a Jos. Kafin ta gama, tilas ta shirya fim na minti 10, ba na wasan kwaikwayo ba, amma irin wanda yake nuna mutane na gaske da abin da ya same su da gaske.

Daga majigi zuwa yau

Dattawa cikin masu karatunmu za su tuna da majigi, sa'ad da mota takan zo ƙauye da almuru a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna yadda ake noman auduga ko tsabtace rijiya. A lokacin nan mu 'yan kallo ne kawai. Telebijin ya fara a Ibadan a 1959, ya zo Kaduna a 1962. A Jos ne kuma aka fara watsa hoto mai launi a Nijeriya a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar fim. An kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 1979, mazauninta kuwa yana Jos. Yau ga 'ya'yanmu ne riƙe da kyamarar.

Abin da ta fara koya

Muka tambaye ta ƙirgan nan na mene ne. Ta ce shi ne darasin fari: wanda bai iya ba yakan yi ta yawo da kyamara kamar mai korar ƙuda, har mai kallo ya ji jiri. Sai a tsaya cik, a ƙirga goma, sa'an nan a matsa.

Na biyu, kowane abu akan ɗauke shi sau uku: daga nesa domin a san wurin, daga tsaka-tsaki domin a san mutumin, daga kurkusa domin a ga hannunsa ko idonsa. Na uku, rana ta haska fuskar mai magana, kada ta tsaya a bayansa, in ba haka ba sai ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa.

Amma murya ce ta fi ba ta wuya. Ran da ta fara fita, ta wuni tana ɗauka, ta koma gida da murna. Da ta kunna, sai ga bakin mutane yana motsi, babu abin da ake ji sai kukan iska. Aikin yini guda ya tafi a banza. Tun daga ranar ba ta ɗaukar kome sai da na'urar sauraro a kunne, makirufo kuma a lulluɓe, kusa da bakin mai magana. Ta ce mutum yakan haƙura da hoto mai duhu, amma ba ya haƙura da maganar da ba ya ji.

Labarin ruwan

Kududdufan nan ba na Allah-da-annabi ba ne, ramukan haƙar kuza ne. Kamfanonin Turawa sun fara haƙa a ƙasar Filato tun farkon ƙarni na 20. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwaso mutane daga lardunan Arewa aka sa su aikin tilas, wanda ake kira ɗiban gwamna. Da kasuwar kuza ta faɗi a duniya a 1985, aikin manyan kamfanoni ya durƙushe, ramuka da yawa kuwa suka zauna ba a cike su ba. Ruwa ya taru a ciki, mai zurfin gaske. Yanzu da shi manoma suke ban ruwan tumatir da kabeji da karas da rani.

A nan ta sadu da wani tsoho mai lambu. Sau uku tana zuwa ba kyamara, tana taya matarsa tsinkar tumatir, kafin ta ce, "Baba, ko za ka yarda in ɗauki maganarka?" Ya yarda. Ya faɗi yadda aka kawo mahaifinsa aikin kuza, bai sāke komawa garinsu ba. Can sai ya yi shiru, ya ce, "'Yata, ruwan nan ya ci mini ɗa." Matarsa tana gefe, ta fashe da kuka. Bayan an jima ya ƙara da cewa, "Amma shi ne ya ciyad da sauran, shi ya biya musu makaranta. Kada a ce a rufe shi. A kewaye shi dai."

Almakashi

Hoton awa 6 ta ɗauko, ana so ta fitar da minti 10. A kowace daƙiƙa hotuna 25 ne suke wucewa, wato 15,000 ke nan a cikin minti goman, kowanne kuwa ita ce za ta zaɓa a kwamfuta. Abokan karatunta suka ce ta yanke maganar tsohon daidai inda ya ce ruwan ya ci masa ɗa, ta bi da kukan matar, ta rufe fim. Lalle da ya girgiza kowa.

Ta yi haka, ta kai wa malaminta. Ya kalla, ya tambaye ta, "Bayan wannan, me ya ce?" Ta faɗa masa. Ya ce, "To, ba ki ƙara masa ko kalma ɗaya ba, amma kin sa shi ya faɗi abin da bai nufa ba."

Ta mai da sauran maganar. Sa'an nan ta ɗauki fim ɗin a waya ta koma lambu ta nuna musu. Tsohon ya kalla har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Amma matar ta ja ta gefe ta ce, "Ki cire inda nake kuka. Jikokina za su gani." Wurin nan ne mafi ƙarfi a dukan fim ɗin. Ta ce mana ta kwana biyu tana juyayi, gama ta sani makinta zai iya raguwa. A rana ta uku ta cire. A maimakonsa ta sa hoton ruwan yana kwance shiru, na daƙiƙa goma.

Gare mu iyaye

Mahaifiyarta ba ta so wannan karatu ba da fari. Ta ce aikin jinya ko koyarwa ne ya dace da 'ya mace, ba yawo da kyamara cikin maza ba. Da yawa cikinmu haka za mu ce, tsoron kuma ba na banza ba ne: kayan aikin suna da tsada, akwai tafiye-tafiye, albashi kuma ba kullum yake da tabbas ba. Duk da haka gidajen telebijin, da asibitoci, da ma'aikatun gona suna bukatar wanda ya iya nuna abu yadda yake.

Idan akwai yaro a gidanku mai son wannan aiki, kada ku yi hanzarin sayen kyamara, kada kuma ku yi hanzarin hana shi. Ku ba shi waya ku aike shi wurin kakarsa, ya nemi izininta, ya ɗauki labarin yadda ta zo garin nan. In ya gama, ya fara nuna mata kafin kowa. Daga yadda ya karɓi gyaranta za ku gane ko aikin nasa ne.

Da muka tashi tafiya, ɗalibar tana naɗe wayoyinta. Ta ce mako mai zuwa za ta nuna fim ɗin ga mai unguwa da manoman wurin, domin a yi shawarar shingen da tsohon ya roƙa.