Tafiya a jirgin sama da keken guragu mara nauyi

Keken guragu mara nauyi wani nau'in keke ne da masu larurar ƙafa ko ƙashin baya, tsofaffi da marasa lafiya ke amfani da shi wajen zirga-zirga. Ana ƙera shi da alminiyam ko wani ƙarfe mara nauyi, kuma yawancinsa ana iya naɗe shi a ɗauka da hannu. Shi ne keken da ya fi dacewa da doguwar tafiya, musamman a jirgin sama. A yammacin jihar Kano, irin su ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, aikin Hajji da Umara da neman magani su ne manyan dalilan da ke sa mai irin wannan larura ya hau jirgi.

Tarihi

Wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Amurka, Herbert Everest da Harry Jennings, su ne suka fito da keke mai naɗewa a shekarar 1933. Everest ya samu rauni a ƙashin baya a wani hatsarin ma'adinai, yana kuma neman keken da zai shiga mota. Tsarin ƙarfe biyu da suka gitta a ƙarƙashin mazauni shi ne har yau ake bi a yawancin kekunan asibiti. A shekarar 1979 Marilyn Hamilton da abokanta suka ƙera keken Quickie da bututun alminiyam, wanda ya rage nauyin keke sosai.

Bambancinsa da keke mai ƙafa uku

Keken da aka fi sani a garuruwa da ƙauyukan Kano shi ne mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa da hannu. Masu walda ne ke haɗa shi da kayan keken hawa, kuma waɗanda cutar shan inna ta shafa su ne suka fi hawansa. Yana da juriya a hanyar burji da yashi, ana iya ɗora masa kaya a kai kasuwa, gyaransa kuma bai fi ƙarfin mai gyaran keke ba. Amma dogo ne, yana da nauyi, ba ya naɗewa, ba ya kuma juyawa a matsattsen wuri. Saboda haka wanda ya saba da shi yakan nemi keke mai naɗewa idan tafiya ta kama shi, ko dai ya saya ko ya ara.

Kafin a isa filin jirgi

Ƙaraye da Rogo, waɗanda tun shekarar 2024 suke ƙarƙashin masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu, ba su da filin jirgin sama. Matafiyi sai ya fara shiga mota zuwa filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Sau da yawa a nan keke ke fara lalacewa, idan aka cusa shi a but aka danne shi da buhuna, ko aka ɗaure shi a saman mota. Keke mai naɗewa yana iya zama a tsaye a gefen kaya, a cire masa matashi da matakin ƙafa a riƙe daban.

Dokoki

A watan Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018. Dokar ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama da ke aiki a Najeriya su tanadi keke mai aiki, su taimaka wa fasinja ya hau ya sauka cikin aminci, su kuma ba shi fifiko wajen shiga jirgi. A shekarar 2020 aka kafa hukumar ƙasa da ke kula da aiwatar da ita.

A Amurka akwai dokar shekarar 1986, wadda a ƙarƙashinta jirgi mai kujeru 100 ko fiye dole ya ware wurin ajiye keke ɗaya mai naɗewa a cikin ɗakin fasinja. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta ba fasinja damar tafiya da kayan taimakon motsi guda biyu kyauta, tana kuma neman ya sanar da kamfani awa 48 kafin tashi.

Yadda ake yi a filin jirgi

Kamfanoni suna amfani da wasu alamomi uku a tikiti domin sanin irin taimakon da ake buƙata:

WCHR: fasinja na iya hawa bene, amma ba ya iya doguwar tafiya.

WCHS: ba ya iya hawa bene, amma yana iya takawa zuwa kujerarsa.

WCHC: ba ya iya takawa ko kaɗan, sai an kai shi har kujera.

Idan an rubuta alamar da ba daidai ba, za a iya isa gindin jirgi a tarar babu abin ɗaga fasinja, sai dai a tallabe shi a hau da shi. Keken mutum ba ya wucewa tsakanin kujerun jirgi, don haka ana mayar da shi kan wani siririn keke na kamfani, nasa kuma a maƙala masa lamba a kai shi wurin kaya. Idan keken mai batir ne na litiyam da ake cirewa, ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ita ce a cire batirin a shiga da shi ciki, kuma kada ƙarfinsa ya wuce wat-awa 300.

Hajji da Umara

Maniyyata daga Ƙaraye da Rogo suna bi ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano, ƙarƙashin kulawar Hukumar Alhazai ta Ƙasa da aka kafa a 2006. Tafiyar Kano zuwa Jidda ko Madina ta haura awa huɗu, kuma dogon zama ba tare da matashi ba yana iya jawo gyambo ga mai ciwon ƙashin baya. A Makka, Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita uku. Lokacin cunkoso masu keke sukan yi ɗawafi a benayen sama, inda zagayen ya fi tsawo. Akwai masu tura keke da ake biya, amma alhajin da ya je da nasa yana samun sauƙi tsakanin masauki da Harami, da kuma a Mina.

Lalacewar keke

Babbar matsalar wannan tafiya ita ce keke ya fito a karye ko ya ɓata, domin ga mai shi, keken ƙafarsa ce. Rashin nauyin da ya sa shi sauƙin ɗauka shi ne kuma ke sa ya lanƙwashe idan an ɗora masa akwatuna. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da suka lalace a hannunsa, amma diyyar tana da iyaka, kuma dole a shigar da ƙorafi a rubuce cikin kwana bakwai. Wannan ya sa ake ba matafiya shawara su ɗauki hoton keken kafin su miƙa shi, su kuma duba shi tun ba su bar filin jirgi ba.