Hausawi: Asalin Wani Sunan Dangi na Larabci da Inda Ya Yaɗu

Hausawi, wanda ake rubutawa Hawsawi ko Al-Hawsawi a fasfo da jaridun waje, sunan dangi ne na Larabci da aka fi samu a yammacin Saudiyya, wato yankin Hijaz. Idan aka jera shi da manyan sunayen ƙabilun ƙasar irin su Ƙahɗani, Utaibi, Harbi ko Gamidi, masu shi ba su da yawa, kuma a yawancin ƙasashen Larabawa mutum zai daɗe bai ci karo da shi ba. Ma'anarsa a fili take: mutumin da asalinsa ya fito daga Hausawa ko daga ƙasar Hausa.

Sunan Balarabe na gargajiya yana da sassa da dama. Akwai sunan yanka, akwai jerin iyaye da kakanni da ake haɗawa da "ibn" ko "bint", akwai alkunya kamar Abu Hurairata, akwai laƙabi, sannan akwai nisba, wadda ke jingina mutum ga gari, ƙabila, mazhaba ko sana'a. Duk ɗalibin hadisi ya saba da nisba ko da bai san sunanta ba: Bukhari mutumin Bukhara ne, Tirmizi mutumin Tirmiz, Ƙurɗubi kuwa mutumin Ƙurɗuba ta Andalus. Aikin da "Ba-" ke yi a Bakano da Bakatsine shi ne aikin da harafin "ya" mai shadda ke yi a ƙarshen kalmar Larabci. Hausawi yana cikin wannan rukuni.

Dalilin da ya sa aka sami "wi" a ƙarshe, ba "i" kaɗai ba, na ƙa'idar harshe ne. Kalmar da ta ƙare da wasali mai tsawo takan karɓi "wau" kafin "ya" ta nisba, shi ya sa ake cewa Sahrawi ga mutumin Sahara, Barnawi ga mutumin Barno, kuma a bakin mutanen Hijaz ɗan Makka shi ne Makkawi. Kunnen Bahaushe yakan ji kamar "Hausawa" ce aka ɗan lanƙwasa, amma ginin kalmar na Larabci ne tsantsa. Mace ana iya kiranta Hausawiyya a magana, sai dai a takardun hukuma sunan dangin ba ya canzawa tsakanin namiji da mace.

A rubutun Larabci na yau ana fara sunan da ha babba (هوساوي). Malaman Sakkwato na ƙarni na 19 kuwa sun fi rubuta sunan ƙasar Hausa da ha ƙarami. Wannan bambanci na haruffa yana da amfani, domin akwai wani suna dabam, Hasawi (حساوي), na mutanen Al-Ahsa da ke gabashin Saudiyya, wanda ba shi da wata alaƙa da Hausa. A boko sunayen biyu suna kama da juna, musamman da yake wasu na rubuta Hausawi a matsayin Hosawi ko Housawi, kuma masu tattara sunaye ta na'ura sukan cuɗa su.

Hausawi ba tsohuwar nisba ba ce ƙwarai. Larabawan gabas sun fara sanin baƙaƙen Musulmin yammacin Afirka da sunan Takruri, daga daular Takrur da ta kafu a bakin kogin Senegal. Sunan ya faɗaɗa har ya rufe kowa, ta yadda marubutan Misira suka kira Mansa Musa, sarkin Mali da ya yi aikin hajji a 1324, sarkin Takrur. A bakin jama'ar Hijaz kalmar ta zama Takruni, jam'i Takarna, kuma daga wannan tushe ne Hausa ta sami "takari". Malamin da ya fito daga ƙasar Hausa a waɗancan ƙarnuka kuwa da garinsu ake jingina shi, domin a lokacin mutum Bakano ne ko Bagobiri kafin ya zama Bahaushe. Leo Africanus, da ya bayyana yankin a ƙarni na 16, ya ambaci Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Zamfara ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa tsofaffin littattafai ke ɗauke da Alkashnawi da Alkanawi, wato Bakatsine da Bakano. Muhammad ibn Muhammad Alfulani Alkashnawi, masanin lissafi da hatimai, ya yi hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu wajen 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Misira. A ƙarni na 20 ma mai littafin Ashalul Madarik na fiƙihun Malikiyya, Abubakar ibn Hasan, da Alkashnawi ya shahara.

Abin da ya yawaita Hausawi a Hijaz shi ne hanyar hajji ta ƙasa. A da, ayarin alhazai yakan ƙetare Sahara ya bi ta Misira, tafiyar da sai sarakuna, attajirai da manyan malamai. Daga ƙarni na 19 hanyar gabas ta ƙara ƙarfi: daga Kano zuwa Barno, a bi ta Wadai da Darfur da Kurdufan, a ƙetare kogin Nilu, a isa tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Nisan ya haura kilomita 3,000, kuma talaka ba ya yin sa a zango ɗaya. Yakan tsaya ya yi noma damina guda, ya yi dako, ɗinki, wanzanci ko koyar da allo, ya tara guzuri ya ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru. Ana aure a hanya, ana haihuwa, ana binne mamata, kuma yaron da aka goya daga gida yakan isa Makka da gemunsa. Mutumin da ya sha wannan wahala, ya isa ba shi da kuɗin komawa kuma ba shi da sauran ƙarfin maimaita hanyar, zama a makwabtakar Ɗakin Allah ya fi masa sauƙi, ga kuma falalar da yake fata idan ajali ya same shi a can.

Zuwan Turawa ya ƙara wa hanyar jama'a. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin mabiya, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu ba su tsaya ba sai Hijaz, cikinsu har da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Madina ya zama madogara ga baƙin yammacin Afirka har rasuwarsa a 1931. Da aka buɗe madatsar Sinnar da gonakin auduga na Jazira a 1925, sai alhazan ƙasa suka sami wurin aikin ƙwadago mai tsoka a tsakiyar hanya. Da yawa sun maƙale a nan har jikoki, suna kiran kansu matafiya, kuma a kansu ne masani C. Bawa Yamba ya wallafa littafinsa Permanent Pilgrims a 1995.

Waɗanda suka ƙetare teku sun tarar da gari mai tara baƙi daga ko'ina, inda ake gane kowa da ƙasarsu. Makka, Madina da Jidda cike suke da iyalai masu suna Bukhari, Turkistani, Dagistani, Sindi, Dahlawi daga Delhi, Faɗani daga kudancin Thailand, Banjar daga Indonesiya, da Shinƙiɗi daga Muritaniya. Baƙin yammacin Afirka sun kasu galibi gida uku a wannan tsari: Fallata ga Fulani, Barnawi ga Barebari da sauran mutanen Barno, Hausawi ga Hausawa. Lokacin da Sarki Abdul'aziz ya karɓe Hijaz a 1924 da 1925, aka kafa masarautar Saudiyya a 1932, sannan aka shiga ba mazauna takardun zama ɗan ƙasa, sai abin da a da kira ne na unguwa da kasuwa ya shiga rajista. Tsarin hukuma yana son suna mai gaɓa huɗu: na mutum, na uba, na kaka, da na dangi ko ƙabila. Wanda ba shi da ƙabilar Larabawa da zai rubuta a gurbi na huɗu, nisbarsa ce ke cike gurbin.

Wannan tarihi ya sa sunan ya bambanta da sunayen ƙabilu ta hanya mai muhimmanci. Utaibi biyu suna iya lissafa kakanni har su haɗu a wani reshe. Hausawi biyu kuwa yawanci ba su haɗa jini ba: kakan wannan daga Damagaram, na wancan daga Zariya, kuma tsakanin zuwansu akwai shekara hamsin. Har ila yau ba kowane mai sunan ne kakansa Bahaushe ba. Hausa ita ce harshen hanya da na zango, don haka Banufe, Bazabarme ko wani daga arewacin Gana da ya iso yana jin Hausa yana iya shiga ƙarƙashin sunan ba tare da gardama ba. Sannan sunan ta wajen uba yake bi. Mace ba ta barin sunan gidansu idan ta yi aure, amma 'ya'yanta na mijinta suke ɗauka, saboda haka jinin Hausawa a Hijaz ya fi yawan masu amsa sunan.

Akwai kuskuren da ake yawan yi, na ɗauka cewa duk baƙar fata a Saudiyya jikan bawa ne. Gaskiya ne an yi cinikin bayi a yankin har zuwa 1962 da aka haramta shi, kuma akwai alhazan da aka yaudara aka sayar a hanya. Amma tsohuwar al'adar Larabawa ita ce a jingina 'yantaccen bawa ga gidan da ya 'yanta shi. Mai sunan Hausawi, Barnawi ko Fallata ya riƙe shaidar inda kakansa ya fito, kuma a mafi yawan lokuta wannan kaka ɗa ne da ya zo da ƙafarsa. Hakan bai hana wariya ba. Masu taƙama da ƙabila suna da baƙar magana da suke jifan duk 'yan Hijaz masu asalin waje da ita, suna kiransu ragowar alhazai ko abin da teku ta amayar, kuma baƙar fata ya fi kowa shan wannan, musamman wajen neman aure.

Matattarar sunan ita ce Makka, sai Jidda, Madina da Ɗa'ifa, sannan aikin gwamnati, soja da kamfanoni sun kai wasu Riyad da gabashin ƙasar. A Makka an san unguwannin da ke kewayen Shari'u Mansur da yawan 'yan asalin yammacin Afirka, kuma alhazan Najeriya da Nijar sun san wurin sarai, don can ake zuwa neman tuwo da miyar kuka. A Jidda irin wannan jama'a ta taru a tsofaffin unguwanni kamar Karantina da Sabil, waɗanda rusau ɗin da hukuma ta fara a ƙarshen 2021 ya shafa. Tsiren Hausawa ma ya zama ɗan gari: mutanen Hijaz suna kiransa siriya, nama ne da aka yanka falle-falle aka barbaɗe da garin ƙuli da yaji, ana ci da ɗanyar albasa. A Sudan ɗan'uwansa shi ne agashe. Harshen kuwa ya ja baya. Tsofaffi da sababbin zuwa suna yin Hausa, amma jikoki da yawa Larabcin Hijaz ne harshensu na farko, wasu ba su wuce gaisuwa ba.

Ƙwallon ƙafa ce ta fitar da sunan duniya. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, tawagar Saudiyya ta je da masu tsaron baya uku masu wannan suna: Usama Hausawi, haifaffen Makka kuma kyaftin ɗin tawagar, wanda ya taɓa bugawa Anderlecht ta Beljiyam, sai Umar Hausawi na Al-Nassr da Mu'utaz Hausawi na Al-Ahli. Masu kallo da yawa sun ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Kafin nan jaridun Turai da Amurka sun san sunan ta wata fuska mara daɗi, ta hanyar Mustafa Al-Hawsawi, wanda aka kama a Pakistan a 2003 aka tsare a Guantanamo bisa tuhumar hannu a harin 11 ga Satumba. 'Yan uwan sunan ma suna da nasu fitattun: Shaikh Umar Fallata ya shafe shekaru yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi, Faɗima Barnawi kuwa, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne da ya zauna a Ƙudus, ta shahara a gwagwarmayar Falasɗinawa bayan Isra'ila ta ɗaure ta a 1967.

A wajen Saudiyya sunan yana da ƙaranci. Sudan tana da Hausawa masu ɗimbin yawa, amma al'adar can ita ce a jera sunan uba da kaka ba tare da sunan dangi ba, kuma jama'a sukan haɗa Hausawa da Fulani da Barebari duka su kira su Fallata. A ƙasar Hausa kanta ba a amfani da shi, domin ba ya bambanta kowa da kowa a inda kowa Bahaushe ne. Abin da ya yi daidai da shi a gida shi ne sunan gari, irin na Aminu Kano, Hassan Usman Katsina da Shehu Shagari.

Hanyar da ta haifar da sunan ta rufe. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai, fasfo da biza suka zama tilas, aka kuma ƙayyade wa maniyyaci ranar shiga da ranar fita. Wanda ya ƙi komawa a yau takari ne a idon hukuma, kuma haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta ba ɗansa zama ɗan Saudiyya, tunda dokar ƙasar ta wajen uba take bi. Saboda haka iyalan da ke ɗauke da Hausawi a katin ɗan ƙasa galibinsu zuriyar waɗanda suka iso ne kafin tsakiyar ƙarni na 20, kuma ƙaruwarsu a yanzu ta haihuwa ce.