Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Zuba Littafi a Cikin Kwamfuta?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomin shinkafa daga Haɗeja, ya rubuto cewa ambaliyar 2022 ta jiƙa masa kundin kakansa da takardar gonarsu ta fadama. Ya ji an ce ɗakunan karatu suna zuba littattafai da mujallu a kwamfuta. Yaya ake yin haka, kuma irin takardunsa za su shiga?

AMSA: To malam, Allah ya kiyaye gaba. Shi wannan aiki hawa uku ne.

Da farko, hoto. Akan shimfiɗa littafin a ƙarƙashin kyamara, a ɗauki shafi bayan shafi. A nan kwamfuta ba ta san me aka rubuta ba, kamar wanda bai yi karatu ba ne aka miƙa masa wasiƙa.

Na biyu, akwai manhajar da ke bin hoton tana gane haruffa, ta mayar da su rubutu, ta kuma ware kanun labari da lambar shafi. Ga amfanin haka: a ce an yi wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, wannan aiki. Kana rubuta "Haɗeja" sai duk shafin da ya ambaci garin ya fito, ba sai ka kwana kana buɗe takardu ba.

Na uku, idon mutum. Manhajar takan yi tuntuɓe da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ta mai da "ƙasa" ta koma "kasa". Rubutun hannu na ajami kuwa, irin na kundin kakanka, ya fi ba ta wuya. Shi ya sa akasari hotonsa ake ajiyewa, a samu malami ya rubuta sunan littafin da marubucinsa da abin da ya ƙunsa.

An yi irin wannan a ƙasarmu. Tun 2004 babban ɗakin karatu na Ingila ke da shirin ceto tsofaffin takardu, an kuma ɗauki hotunan wasu a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Jami'ar Boston ta Amurka ma ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajamin Hausa ta sa a intanet. Dalili kuwa, takarda ba ta da ƙarko: a Janairun 2013 an ƙona dubban littattafai a cibiyar Ahmed Baba ta Tambutu, a Mali. Mu a nan ruwa da gara ne abokan gāba.

Saboda haka kada ka jira kowa, wayar hannu ma ta isa. Shanya takardun a inuwa, ba a rana ba, kada kuma ka ɓamɓare shafukan da suka manne da ƙarfi. In sun bushe, ɗauki hotonsu da rana, bi da bi, ka tura wa ɗan'uwa da ke wani gari. Amma fa hoto ba ya maye gurbin asali, musamman takardar gona ranar da rigima ta kai gaban alƙali. Rataye asalin a sama tun kafin damina ta yi nisa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.