Waliyyi Jirjis da Dodo a Zanen Majami'u

A cikin waliyyan Kirista, kaɗan ne masu zane suka ɗauka kamar Jirjis, wanda Turawa ke kira Joj, Habashawa kuma Giyorgis. Ruwaya ta ce sojan Rum ne da aka kashe wajen shekarar 303, zamanin Sarki Diyokilishiyan, saboda ya ƙi barin addininsa. Kabarinsa na garin Ludda, a Falasɗinu ta wancan zamani.

Zane-zanen farko sun nuna shi a tsaye ne, saurayi cikin sulke, riƙe da mashi da garkuwa. A ƙasar Jojiya ma akwai inda aka zana shi bisa doki yana sukar mutum, wato azzalumin sarkin nan. Labarin dodo bai bayyana a rubuce ba sai wajen ƙarni na 11, kuma littafin tarihin waliyyai da Yakubu na Borajin ya haɗa wajen 1260 shi ya baza shi a Turai. A cewarsa, wani dodo ya addabi garin Silene na Libiya daga bakin tafki, ana ba shi tumaki, daga baya 'ya'yan mutane, har ƙuri'a ta faɗa kan 'yar sarki. Jirjis ya iso, ya soke shi. Duk wanda ya san Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura ba zai ji labarin baƙo ba. Daga nan dodo ya mamaye allunan masu zane irin su Rafayel, har azabar da waliyyin ya sha, wadda ita ce tushen darajarsa, ta koma gefe.

A Habasha ne zanen ya fi samun gindin zama. Can ana zana shi kan farin doki mai ado, budurwar kuma, da suke kira Birutawit, wato 'yar Beirut, sau da yawa tana maƙale a kan itace. Masu zanen na bin wata ƙa'ida mai hikima: mutumin kirki a nuna fuskarsa gaba ɗaya, mugu kuwa ta gefe, ido ɗaya kawai. A Lalibela an sassaƙa masa majami'a guda daga cikin dutse, mai siffar gicciye.

Bayan yaƙin Adwa na 1896, inda rundunar Sarkin Habasha Menelik ta murƙushe Italiya, zanen ya shiga tarihin ƙasa. A hotunan yaƙin ana ganin Giyorgis a sama bisa dokinsa yana taya Habashawa, sojojin Italiya kuwa galibi an zana su ta gefe.