Gargaɗi: A Guji Bashin Kati da Bashin Waya

Jama'a, a yi hattara. Saƙon da ke shigowa wayarka yana cewa ka cancanci rance cikin minti biyar, ba jingina, ba mai tsaya maka, kada ka taɓa shi. Haka ma idan ma'aikacin banki ya yi maka tayin katin bashi saboda albashinka na shiga ta wurinsu, ka ce ka gode, ka kama gabanka.

Katin ATM da yawancinmu muke riƙe da shi kuɗinka yake cirowa. Katin bashi kuwa kuɗin banki kake kashewa, kuma duk abin da wata ya ƙare ba ka biya ba sai a ɗora masa ruwa, wata mai zuwa ruwan ma ya haifi nasa. A Amurka, inda wannan kati ya zama ruwan dare, bashin da ke kan mutane ta hanyarsa ya haura dala tiriliyan ɗaya a 2023, ruwan da ake ɗorawa kuma ya zarce kashi 20 cikin ɗari a shekara.

Mu a Najeriya abin ta waya ya fi shigo mana, kuma ya fi muni. Manhajar rancen za ta nemi lambar BVN ɗinka, ta nemi izinin shiga lambobin da ke wayarka. Za a zabtare wani abu tun kafin kuɗin su iso hannunka, a ba ka mako ɗaya ko biyu. Ranar da ka makara, sai saƙo ya isa ga surukinka, da limamin unguwarku, da shugabanka a wurin aiki, ana kiranka ɓarawo. Akwai waɗanda aka haɗa hotonsu da sanarwar rasuwa aka yaɗa, suna nan da ransu. Magidanci ya shekara talatin yana tattalin mutuncinsa, a zubar da shi a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba!

Hukuma ta san da wannan. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar rance. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu irinsu a Legas. A 2023 Google ya hana manhajojin rance shiga hotuna da lambobin waya. Duk da haka suna sauya suna su dawo, wasu ta hanyar mahaɗin da ake turowa a WhatsApp.

Za a ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, tsadar rayuwa ta matse kowa, kuma ba wanda ke cin bashi don marmari. Amma wannan riba ce tsagwaronta, Musulmi ya san hukuncinta. Ga adashi, ga ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, ga mai shagon unguwa da ke rubuta maka a littafi har ƙarshen wata ba ƙarin ko kwabo. Mai neman jari ya tuntuɓi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, ya karanta sharuɗɗan da kyau.

Wanda ya riga ya faɗa, kada ya ci sabon bashi daga wata manhaja don biyan tsohon. Ya sanar da iyalinsa da bakinsa kafin saƙon cin mutunci ya riga shi, ya ajiye hoton duk barazanar da aka turo masa, ya kai ƙara FCCPC.