Yadda masoya Beethoven suka ceto gidansa da tarihinsa

Kusan shekaru 200 bayan mutuwar Ludwig van Beethoven, har yau jama'a daga sassa dabam-dabam na duniya na yin tururuwa zuwa birnin Bonn na ƙasar Jamus domin ganin gidan da aka haife shi. To amma da ba don ƙwazon wasu mutane 12 ba, da tuni an rushe wannan gida.

Shi dai Beethoven yana ɗaya daga cikin mashahuran masu tsara kiɗan gargajiya na Turai, wato irin kiɗan da akan rubuta a takarda da wasu alamomi na musamman, ta yadda makaɗa za su iya kaɗa shi daidai ko da bayan ran mai shi. An haife shi a Bonn a watan Disamba na shekarar 1770, sa'annan ya ƙaura zuwa Viyana, babban birnin Ostiriya, a 1792, bai kuma sake komawa garinsu ba har ya mutu ranar 26 ga watan Maris na 1827. Abin da ya ƙara masa farin jini shi ne yadda ya ci gaba da aiki duk da larurar kurumta da ta same shi. A lokacin da aka fara gabatar da Simfoni na Tara a 1824, kusan ba ya jin komai.

Tun farko masoyansa ne suka ɗauki nauyin raya sunansa, tun kafin hukuma ta sa hannu. A lokacin da aka kasa tara isassun kuɗin gina masa mutum-mutumi a Bonn, makaɗin fiyano Franz Liszt ne ya ba da gudummawa mai tsoka daga aljihunsa. An yi bikin buɗe mutum-mutumin a dandalin Münsterplatz a watan Agusta na 1845, a gaban Sarauniya Victoria ta Ingila da Sarkin Prussia.

Shi kuwa gidan haihuwar tasa, mai lamba 20 a titin Bonngasse, ya daɗe yana sauya hannu, har ma aka buɗe gidan abinci da mashaya a cikinsa. Da aka sa shi a kasuwa mahukuntan birnin ba su nuna sha'awar saye ba. Wannan ne ya sa mutanen nan 12, mazauna Bonn, suka kafa ƙungiyar Beethoven-Haus ranar 24 ga watan Fabrairu na 1889, suka sayi gidan, suka gyara shi, aka kuma buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1893. A zamanin yaƙin duniya na biyu an kwashe kayayyakin da ke ciki zuwa wata maɓoya, ginin kuma ya tsallake rijiya da baya a harin bama-baman da aka kai wa Bonn a watan Oktoba na 1944.

Daga cikin abubuwan da aka adana a gidan akwai fiyanonsa na ƙarshe, da gogen da ya riƙa kaɗawa a fadar Bonn yana saurayi, da ƙahonin ƙarfe da yake sa wa a kunne domin ya ji magana. Da yawa daga cikin kayan kyauta ce ta masoya. Wani attajiri ɗan ƙasar Siwizalan, Hans Conrad Bodmer, ya bar wasiyyar a miƙa wa gidan abubuwa fiye da 850 da ya tara a rayuwarsa, aka kuma karɓe su a 1956. Kazalika a 2009, da taimakon jama'a da na makaɗan da suka yi wasanni kyauta aka sayi ainihin rubutun hannunsa na kiɗan nan da ake kira Diabelli.

Sai dai kuma so kan rufe ido. A kwanakinsa na ƙarshe da kuma bayan ya cika, masu ziyara sun riƙa yankar gashin kansa domin ajiyewa, kuma a hankali jabu ya gauraya da na gaske. A 2023 masana kimiyya suka binciki ƙwayoyin halitta na tufka takwas na gashin da ake dangantawa da shi, suka amince da sahihancin biyar. Wadda ta fi shahara a cikinsu, wadda har littafi aka rubuta a kanta, sai ta zamana gashin wata mace ce. Binciken ya gano cewa ya kamu da cutar hanta nau'in B, amma bai gano musabbabin kurumtar ba, ko da yake shi da kansa, a wata wasiƙa ta 1802, ya roƙi a bayyana wa duniya ciwonsa bayan ya mutu.

Baya ga adana kaya, akwai masu raya sunansa ta hanyar kiɗan kansa. Wani ɓangare na Simfoni na Tara shi ne taken Tarayyar Turai tun 1985, a 2001 kuma hukumar UNESCO ta sa rubutun hannunsa da ke ajiye a Berlin cikin kundinta na takardun tarihin duniya. A birnin Osaka na Japan, tun 1983 mutane dubu 10 kan hallara a watan Disamba su rera shi tare. A Kinshasa ma ƙungiyar makaɗan Kimbanguiste, wadda aka kafa a 1994 kuma akasarin 'ya'yanta da sana'o'insu na daban, ta gabatar da shi, kamar yadda wani fim na 2010 ya nuna.

Annobar korona ta dagula bukukuwan cikarsa shekaru 250 da haihuwa a 2020, har aka tsawaita su zuwa 2021. A watan Maris na 2027 ne yake cika shekaru 200 da mutuwa.